'Yan ci-rani masu fukafukai a gonakin Igabi

Ɗan yayata ne ya ja ni. Ya yi digirinsa na biyu a Jos, a cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke gefen dajin Amurum, wadda aka kafa a 2001 tare da Jami'ar Jos. Tun da ya dawo Kaduna ba a iya gama gaisawa da shi bai ɗaga kai ya dubi wayar lantarki ko ƙololuwar mangwaro ba, har a gida aka laƙaba masa Sarkin Tsuntsaye. Ni kuwa malamin makaranta ne, iyakar sanina da tsuntsu shi ne wanda ake ci, da wanda ba a ci, da wanda ke sure 'yan tsaki. Ranar da ya ce zai je ƙirgar tsuntsaye a gonakin da ke kewaye da madatsar ruwan Kangimi, ya ƙara da cewa akwai waɗanda suka taso tun daga Turai suna can zaune a kan karan dawa, sai na ce a tafi da ni, gani ya kori ji.

Ƙarshen Janairu ne, hunturu ya kankama. Muka yi Asuba a Kawo, muka kurɓi shayi a tsaitsaye, muka shiga motar Pambeguwa. Hazo ya rufe gari, fitilun tireloli a Rigacikun sai sun matso kake ganinsu. A Mararrabar Jos muka saki titin Zariya muka yi gabas, bayan 'yar tafiya muka sauka, babura biyu suka kwashe mu cikin ƙura zuwa ƙauyen da yaron ya riga ya aika wa da saƙo. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Su suka roƙi haka, kuma duk wanda ya san halin da karkarar Igabi da Giwa da Birnin Gwari ta shiga a shekarun nan ba zai tambayi dalili ba.

Ba a shiga gonakin mutane da madubin hangen nesa rataye a wuya sai an bi ta zauren mai unguwa. Muka durƙusa muka kwashi gaisuwa, aka tambayi mutan gida, aka tambayi sanyi, sannan ya ce me ke tafe da mu.

"Ranka ya daɗe, tsuntsaye muka zo gani."

"Ku kama ko ku harba?"

"Mu gani kawai, mu rubuta."

Ya dubi dattawan da ke kan tabarma, ya dawo ya dube ni, don ni ne mai furfura. "Malam, shi dai yaro ne. Har da kai?"

Zaure ya kaure da dariya. Yaron ya cire madubin ya miƙa masa da hannu biyu, ya nuna masa inda ake murzawa. Mai unguwa ya fita ƙofa ya kafa a ido, ya yi shiru, can sai ya ce, "Kai! Wancan ba jikana ba ne a bakin rijiya? Makarantar allo fa aka tura shi." Da ya dawo ya zauna sai fara'ar ta ragu. Ya ce abin da ya gani ɗin nan shi ne matsalar. Wanda ya hango baƙo a bakin daji da irin wannan abu, yana leƙe yana rubutu, ba zai ce tsuntsu yake nema ba, infoma zai ce, kuma yanzu ba a tsayawa dogon bincike. Ya haɗa mu da wani matashi cikin 'yan banga, ya sa aka kirawo Sarkin Noma ya raka mu, ya ce kada mu ƙetare rafin gabas, kuma La'asar ta same mu a cikin gari. Ga duk mai sha'awar irin wannan yawo a ƙasarmu, zauren nan ya fi madubin muhimmanci.

Sarkin Noma tsoho ne siriri mai saurin ƙafa, da fartanya a kafaɗa ko da yake babu abin nomewa. Baba muke ce masa. An daɗe da girbi, gonakin dawa da masara sun zama fili, kara a tsaye a wasu wurare, a wasu an tattara an jingina a jikin ɗorawa, shanu sun bi sun tattake saura. Ni ban ga komai ba sai kurciya da hankaka. Ba mu yi nisa ba yaron ya kama hannun rigata.

"Kawu, tsaya. Ga kalgo can, ka ƙirga kara uku daga hagunsa. Kada ka sauke ido, madubin za ka ɗago ya tarar da idon."

Wani ɗan tsuntsu ne launin ƙasa, bai fi gwara girma ba, bayansa zane-zane, ƙirjinsa ruwan goro mai haske, da doguwar farar gira. Yana zaune a can ƙarshen kara yana ɗan kaɗa bindi. Ya diro ƙasa, ya cafki wani abu, ya koma kan karan da ya bari. Ya sake, ya kuma sake. Littafin da ke jakar yaron wincat ya kira shi, mu kuwa mai farar gira muka yi ta ce masa har muka dawo gida.

Nauyinsa duka giram 16 ne zuwa 18. A Turai aka ƙyanƙyashe shi, cikin sheƙar ciyawa a ƙasa, a wani filin kiwo. In sanyi ya gabato can, ƙwari suka fara ɓacewa, sai ya kamo hanya, ya ƙetare Bahar Rum, ya ƙetare Sahara mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000, ya sauka nan tsakanin Satumba da Oktoba, daidai lokacin da muke fara yanke masara. Da dare yake tafiya, taurari da maganaɗisun ƙasa ke nuna masa hanya, kuma wanda aka ƙyanƙyashe bana shi kaɗai yake yin tafiyarsa ta farko, ba uwa ba uba. A Afrilu zai cika cikinsa da ƙwari, ya tara kitse, don kitsen nan ne guzurinsa a hamada, ya koma. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ke tsallako hamada zuwa Afirka kowace kaka.

Baba ya saurari duk wannan yana dogare da fartanya. Ya ce, "To, ci-rani ke nan. Namu yaran suna Legas da Fatakwal, nasu suna gonata."

Yaron ya ce ai abin ya wuce haka. A gonakin da ke kewaye da cibiyarsu a Jos, an kama irin wannan tsuntsu an sa musu zobba masu launi a ƙafa don a riƙa gane kowanne, sai aka ga waɗanda suka rayu suna dawowa daidai ɗan filin da suka zauna bara. An kuma goya wa wasu 'yar na'ura a baya, da suka dawo aka karanta, aka ga a tsakiya da gabashin Turai suke yin sheƙa, tafiyar da ta haura kilomita 4,000. "Baba, wannan da kuke gani, in da rai, baɗi gonarku zai dawo, ba ta maƙwabci ba."

"Ya fi wasu 'ya'yan," in ji Baba.

Zancen zobe ya tuna masa wani abu. Ya ce shekarun baya wani yaro ya harbo tsuntsu da danƙo a fadama, aka ga zoben ƙarfe a ƙafarsa da ƙananan rubutun boko. Gari ya ɗauka, wasu suka ce sammu aka yi wa wani aka ɗaura wa tsuntsu, aka haƙa rami aka binne shi da zoben duka. Yaron ya dafe kai. Ya ce lamba ce da adireshin waɗanda suka sa, da an aika musu da sun faɗi ƙasar da ya fito da ranar da aka ɗaura masa. Wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, shi ya fara wannan dabara a 1899, kuma na ji daɗi da na ji sana'arsa. Kafin nan su ma Turawan lalube suke yi, an daɗe a cikinsu ana cewa tsattsewa cikin taɓon tafki take nutsewa ta yi barci har sanyi ya wuce. Sai a 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, da mashin Afirka cake a wuyanta, ta taso da shi tun daga wannan nahiya. Har yau tana nan a cushe a Jami'ar Rostock. Baba ya girgiza kai ya ce shi maharbin yake tausayi, ga asarar nama ga asarar mashi.

Ɗan bangan da ke tare da mu bai ga abin burgewa ba. A wurinsa duk ƙaramin tsuntsu ɓarawon hatsi ne, don ya yi ƙuruciyarsa yana kora a gonar shinkafa daga fitowar rana har faɗuwarta. Yaron ya ce ya dubi baki. Mai cin hatsi bakinsa gajere ne mai kauri, na fasa tsaba. Mai cin ƙwari bakinsa siriri ne, kuma yawancin waɗannan baƙin na gona siraran baki gare su. Baba bai jira littafi ba, ya ce shi ya daɗe yana ganin mai farar gira, bai taɓa ganinsa a kan zangarniya ba. Masu ɓarnar a nan marai ne da 'yan'uwansa, a can Kebbi da Jigawa da Yobe da Borno kuma jan-baki, wanda har jirgin sama ake tayarwa a yi masa feshi. Guba kuwa ba ta tambayar tsuntsu me yake ci.

Wani garke na 'yan tsuntsaye masu launin ƙasa ya tashi daga cikin gamba, na tambaya ko su ma baƙi ne. Baba ya yi murmushi. "Mulufi ne, Malam. Bai je ko'ina ba. Jar rigar ya tuɓe, sai damina ya mayar." Yaron ya buɗe littafi, ga shi nan kuwa: namijin da ja da baƙi a damina, da rani kuma ba ka bambance shi da macen. Haka zalaidu ke zubar da doguwar wutsiyarsa. Na lura duk yinin nan littafin bai ƙaryata tsohon ko sau ɗaya ba. Abin da littafin ya fi shi da shi kawai labarin inda tsuntsu ke zuwa in ya bar gonarsa.

Da hantsi muka gangara fadama. An gina madatsar Kangimi a shekarun 1970 don ta riƙa tallafa wa ruwan shan Kaduna da rani, amma masu noman rani da masunta da makiyaya duk sun sami rabonsu. Injinan ban-ruwa na ta ƙugi, ga tumatir, ga barkono, ga albasa, ga rake a gefe. Wani yaro Bafulatani ya kawo shanu shan ruwa, balbela na biye da su kamar kullum. Tsakanin ƙafafun shanun kuma ga waɗansu 'yan sirara masu rawayan ciki suna gudu-gudu suna kaɗa dogon bindi sama da ƙasa, suna cafke ƙudan da kofato ya tayar. Su ma daga Turai. Yaron ya ce nan da Maris, in mazan suka sake gashi, launin kai zai nuna yankin kowanne: mai shuɗi-shuɗin kai na tsakiyar Turai ne, mai kai toka mai duhu na can arewa wajen Suwidin da Finlan. Ɗan Fulanin ya san su sarai, ya ce da damina ba ya ganinsu, kuma shanu ba sa damuwa da su.

A bakin ruwa kirinjijiya sun yi sahu suna fito, zalɓe ya ƙame a cikin ruwa iya gwiwa, zakaran ƙeƙuwa ya gan mu ya cika wurin da ƙara har ya tayar da rabin abin da muka zo gani. Cikin waɗanda suka tsaya akwai 'yan dogayen ƙafa masu tsintar taɓo, ɗaya yana tafe yana rausaya gindi, wani kuma mai ɗigo-ɗigo a baya wanda a fadamun arewacin Turai da Saberiya yake yin ƙwai. Wanda ke son ganin tsuntsayen ruwa dubu-dubu, fadamar Haɗeja da Nguru zai nufa, wadda aka sa a jerin fadamun duniya masu muhimmanci a 2000. Kangimi ba ta kai can ba, amma ga wanda zai fita Kaduna da safe ya kwana a gida, ta wadatar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ba a bakin ruwa na gan shi ba. A hanyar komawa tudu muka ratsa gonaki biyu da ke maƙwabtaka. Ta farko ta Baba ce, irin ta da: ɗorawa biyu, kaɗanya, wani tsohon gawo da ya yi kore shar a tsakiyar rani, iyakarta kuma magarya da aduwa da kalgo da gamba. Ta biyu ta wani mai kuɗi ce daga birni, an sa katafila ta tumɓuke komai don tarakta ta sami hanya, an jera itatuwan turare a gefe, ƙasa tas babu ko tsinke. A gonar Baba hannun yaron bai huta da rubutu ba. Cikin gawon kaɗai akwai 'yan mitsi-mitsin baƙi masu bin ganye suna tsintar tsutsa, waɗanda ba su kai giram 10 ba. A kan aduwa ga wani mai jan ƙeya da baƙin rufin ido, wanda ke soke fara a jikin ƙaya ya ajiye. A gona ta biyu muka tsaya daidai tsawon lokacin da muka yi a ta farko, muka tashi da hankaka da kurciya.

Yaron ya ce ba tsautsayi ba ne. Wasu masu bincike 'yan Holan sun shafe shekaru suna bin yankin Sahel suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace, suka gano baƙin nan a 'yan itatuwa kaɗan suke taruwa, galibi masu ƙaya: gawo, aduwa, da dangin bagaruwa. Darbejiya da turare kusan ba sa kula su, ita kanta kaɗanya ba ta tara su sosai. Dalilin da suka bayar ya shige ni. Itace mai ƙaya da ƙayarsa yake kare kansa daga dabba, ganyensa ba shi da ɗaci sosai, don haka ƙwari ke samun na ci. Wanda ba shi da ƙaya kuwa da ɗaci ko guba yake kare ganye, ƙwari su guje shi, tsuntsu ya rasa abin tsinta. Ga shi mu kuma duk shekara in aka tashi gangamin dashen itatuwa, darbejiya da turare ake rabawa, don su ne masu saurin girma, akuya ba ta dame su ba.

Ba na cikin masu ɗora wa manomi laifin komai. Na tambayi Baba game da maganin ciyawa, ya ce shi ma yana fesawa, don kuɗin 'yan ƙwadago ya fi ƙarfinsa, yaran da za su yi masa noma kuma suna kudu. Kiryar da ke bakin rafi masu gawayi sun gama da ita, kuma gawayin nan mu mutanen birni muke saye duk sanda gas ya yi tsada. Shi kansa mai farar gira ba ya ƙin gona, ya ma fi son ta a kan daji mai duhu, muddin an bar masa kara da 'yan ƙananan itatuwan da zai hau. Raguwar da yake yi a yammacin Turai, babban dalilinta yana can wurinsu: injin yankan ciyawa na shiga fili da wuri, ya niƙe sheƙa da ƙwai da uwa. Sai dai akwai lokacin da matsalar daga nan take tasowa. Cikin magaryar Baba mun ga wani mai farin maƙogwaro yana ta tsalle-tsalle cikin ƙaya. A bazarar 1969 masu ƙirga a Ingila suka wayi gari fiye da kashi biyu bisa uku na irinsa ba su koma ba, aka bi sawu aka tarar farin da ya fara a Sahel ne ya kashe su. Baba bai san da tsuntsun ba, amma ya san farin. Ya ce a 1973 da idonsa ya ga mutanen arewa da na Nijar suna gangarowa da jakuna da 'yan kwanuka, shanu sun ƙare.

Bayan Azahar hayaƙi ya tashi daga wajen rafi, yara sun cinna wa ciyawa wuta suna farautar gafiya. Kafin ka ce kwabo shirwa sun cika sama, suna kutsawa cikin hayaƙi suna cafke farar da wuta ta koro. Muna tsaye muna kallo sai yaron ya yi wata irin ajiyar zuciya, ya ce, "Kawu, Kawu, ƙasa-ƙasa, bayan wutar!" Wani shaho ne siriri, fari-fari kamar toka, da ɗan baƙi a tsinin fukafukai, yana tafe dab da ciyawa yana karkata hagu da dama, ba ya ko kaɗa fiffike sosai. Ya bi gefen ƙunar, ya juya, ya faɗa kan wani abu, ya tashi ya shige hazo. Duka bai fi minti ɗaya ba. Hannun yaron na rawa yana rubutu. Ya ce wannan a filayen ciyawa na kudancin Rasha da Kazakistan yake yin sheƙa, ya ragu ƙwarai saboda an nome filayen, yana cikin jerin waɗanda ke dab da shiga haɗari, kuma akwai masu kallon tsuntsaye a Turai da za su yi tafiyar yini guda don su ga abin da muka gani yanzu. Ɗan banga ya ce shi dai shaho shaho ne, a tambayi kaza. Baba ya ce a'a, wannan ba ya shiga gari, ɓera da fara da ƙananan tsuntsaye yake bi.

La'asar ta same mu a cikin gari kamar yadda aka ce. A ƙofar gidan Baba aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono mai sanyi. Yaron ya zauna yana daidaita lissafinsa a waya. Aikin da yake yi na shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya ne da aka fara a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye 9 a kwance, mai sa-kai ya shiga gida guda ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk nau'in da ya gani ko ya ji, ya tura ta manhajar BirdLasser. Ba a biyan kowa, abin da mai unguwa ya kasa yarda da shi ke nan. Nijeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900, mu a yinin nan mun haura 60.

Baba ya ce a karanto masa. Yaron ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ke da sunan Hausa ya faɗa, wanda babu ya kwatanta. Cilakowa, ragon maza, fakara, hasbiya, bardo, carki, alhudahuda. Tsohon na gyaɗa kai. Da aka kai ƙarshe ya ɗan yi jim.

"Ban ji ungulu ba."

Babu ita. Sai a lokacin na tuna rabona da ganin ungulu ya yi shekaru. Muna yara, kwatar Tudun Wada da bayan kowace kasuwa cike suke da su, suna tafe cikin mutane ba mai ko kallonsu. Yanzu yaran da nake koyarwa sun san karin maganar ungulu ba ta jewar banza, amma da yawansu ba su taɓa ganin jewar ba. A 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa wannan ungulu tamu ta gari a matakin ƙarshe kafin ƙarewa a daji. Ƙwai ɗaya tal take yi in za ta yi, ga masu sa guba a mushe, ga 'yan kasuwar da ke sayar da kanta da ƙafafunta ga masu tsibbu, kuma Nijeriya na cikin manyan kasuwannin wannan ciniki. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen irin wannan hanya: a shekarun 1990 wani maganin shanu ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu ungulayensu, mushe ya rasa mai kwashewa, karnukan titi suka yawaita da cizon mahaukacin kare.

Baba ya ci gaba da lissafa nasa. Gauraka, wadda ake cewa ita ce tsuntsuwar ƙasa, ya ce da can in ta yi kuka a fadamar nan har cikin gari ake ji, yanzu sai dai a gidan wani mai hali an yanke mata fiffike. Tuje, ya ce rabonsa da shi tun kafin a haifi ɗan bangan nan. Burtu kuwa kansa kawai ya rage, wanda wani tsohon maharbi a garin ke ɗaurawa a goshi in zai yi sanɗa. Yaron ya ce a da in ana neman irin waɗannan, gandun dajin Kamuku ake zuwa a Birnin Gwari, wanda ya zama na tarayya a 1999, amma shekaru ke nan masu ƙirga ba su da halin shiga yadda suke so. Wato baƙon da ya taso daga Folan ko Rasha mun same shi kafin rana ta yi zafi, 'yan gida ne muka yini ba mu gani ba.

Ɗaya ce Baba ya ce har yanzu ba ta saɓa alkawari ba. Ya nuna wata tsamiya a bayan masallaci, da tarkacen tsofaffin sheƙuna a rassanta. Shamuwa. Duk shekara in ta sauka ya san a fara gyaran gona, kuma a garin babu yaron da zai ɗaga mata danƙo bai sha duka ba. Ya juya wajen yaron. "Kai da ka san na Turawa, ita tamu ina take zuwa?"

Ya ce ita ba ta ƙetare hamada, kudu take yi. In ruwa ya ɗauke a nan sai ta bi ta gabashin Afirka ta gangara Zambiya da Zimbabuwe da Botsuwana har Afirka ta Kudu, inda damina ke farawa a Nuwamba, ta ci fara da tsutsa a can, sannan ta juyo ta iso mana da ruwan farko wajen Afrilu zuwa Mayu. Ba ta san rani ba. Ya roƙi Baba wata alfarma, ya ce ranar da ta farko ta sauka a kan tsamiyar nan bana, a sa wani ya kira shi a waya, don ranar saukar tata abin rubutawa ce, in aka tara ta shekara da shekaru za a ga ko tana sauyawa yadda damina ke sauyawa.

Baba ya ƙwala wa jikansa kira ya zo ya karɓi lamba. Babura sun iso, masu su na ta duban rana. Muka koma zaure muka yi wa mai unguwa sallama da godiya, ya ce mu gaida gida. Baba ya rako mu har bakin hanya.

"In ta sauka za a kira ku. Amma ku zo da madubi biyu. Mai unguwa ya ce shi ma zai fita, ni kuma ba zan tsaya jiran ya gama ba."